Bijimin Watanda Mai Gajerun Ƙafafu

A wani ƙauye an yi wani manomi wanda 'yan ikkilisiya suka amince da shi, suka aike shi ya sayo musu bijimin watandar Kirsimeti. Al'adarsu ita ce in an yanka sa, sai a kasa naman kashi-kashi, kowane gidan da ya sa hannu ya ɗauki nasa, abin da ya ragu kuma a kai wa gwauraye. In nama ya gaza, gwaurayen ne ke cin tuwon ranar ba ko tsoka ɗaya a miya.

Tun da damina manomin ya ƙyalla ido a kan wani jan bijimi a rugar bayan gari, irin Rahaji, dogo kamar raƙumi, ga ƙaho zaƙo-zaƙo. Shi kuwa mutumin nan akwai son abin da za a gani a riƙe baki. Har addu'a ya yi ta yi Allah ya ba shi bijimin nan.

Amma da ya isa rugar, sai ya tarar mutanen ƙetaren rafi sun riga shi. Makiyayin ya ce, "Yi haƙuri, Malam, jan ya tafi. Ga Gudalin nan, shi kaɗai zan iya rabuwa da shi."

Manomin ya dubi Gudalin, ya ɓata rai. Gajere ne, ƙafafu duƙus, ƙahon bai fi ɗan yatsa ba. Ba yadda ya iya, ya ja shi zuwa gida. Yana shiga gari wani ya ɗaga murya ya ce, "Ina ƙahon? Ko a hanya ya faɗi?" Aka kwashe da dariya, shi kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Matarsa ta kawo abinci, ya ƙi taɓawa. Ta ce, "Maigida, ci mana." Ya ce, "Ina zan iya? Me zan gaya wa Gwaggo Rifkatu in nama bai kai gidanta ba?" Rifkatu tsohuwar gwauruwa ce a ƙarshen gari, wadda kullum kashinta ne na ƙarshe.

Da safiyar yanka, manomin ya tsaya nesa yana kallo. Mahauci ya feɗe sa, sai ga cinya cike da tsoka, haƙarƙari a lulluɓe da nama, ƙirji da tozo sun yi kitse fari fat. Mahaucin ya yi murmushi ya ce, "Irinsu ke nan. Rahaji ɗan tafiya ne, rabinsa ƙafa da ƙashi. Gudali kuwa abin da ya ci a jikinsa yake ajiyewa."

Aka yi ta kasawa, kowane gida ya ɗauka, gwauraye suka samu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan kashin Rifkatu, sai da ƙwarya ta cika har ta yi tozo. Manomin ya zauna a ƙasa, ya sauke ajiyar zuciya, hawayen murna na zubo masa. Shi da kansa ya ɗauki ƙwaryar ya kai mata.

To, ga abin da misalin nan yake koya mana. Jan bijimin shi ne abin da muke roƙo domin ya cika ido. Gudalin kuwa shi ne abin da Ubangiji ya ba mu, muka karɓa muna ɓata rai. Mu tsawo da ƙaho muke dubawa, amma Ubanmu na sama ya san abin da ke ƙarƙashin fata, ya kuma san wanda ke jira a ƙarshen gari. Ɗan'uwa, in an hana ka abin da ka roƙa, kada ka yi saurin cewa Allah bai ji ba. Wataƙila da ya ba ka abin da ka so, da wani ya wuni da yunwa.