Hayaƙin Pak Darmaji da Rumfar Mbok Painem

Akwai wani mutum a unguwarmu, nan bayan kasuwar kifi a Semarang, ana kiransa Pak Darmaji. (A wajenmu Pak kamar a ce baba ne, Bu kamar uwargida, Mbok kamar iya, Mas kuma kamar yaya.) Da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa sai muka zaɓe shi mai unguwa. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Amma mutum ne mai son a gan shi, kuma idan ya faɗi magana, to ta zauna ke nan.

Abu biyu yake ji da su a duniya: matarsa Bu Lastri, sai kurciyoyinsa. Masu tsokana suna cewa kurciyoyin ne a gaba.

Kurciyoyin gasa ne, irin waɗanda ake ɗagawa a kan doguwar gora don a ji kukansu. Ya keɓe musu fili a bayan gida, ya zagaye da kwano, ya garƙama kwaɗo. Ko Bu Lastri ba ta shiga sai da izini. Ba sa shan ruwan famfo, wai yana dusar musu da murya. Ruwan sama yake tara musu a wani ƙaton duro.

Da damina ta kankama, zazzaɓin dengi, wanda sauro ke yaɗawa, ya shigo unguwa kamar yadda ya saba.

A da, kowace Lahadi da safe muna fita aikin gayya. A zubar da ruwan tankin banɗaki a dirje shi da buroshi, a kife gwangwanaye, a kwashe tsofaffin tayoyi. Aiki ne mai ban haushi, ga ciwon baya, kuma babu mai tafa maka.

Pak Darmaji ya ce wannan wahalar ta ƙare. Ya sayo injin feshi da kuɗinsa.

Ku zo ku ga kallo. Injin yana ruri kamar babur mai fasasshen salansa, farin hayaƙi ya cika lungu har ba ka ganin ƙofar maƙwabcinka. Shi kuma yana gaba, ya rataya injin a kafaɗa, ya rufe hanci. In hayaƙin ya washe sai ka ga kyankyasai kwance ƙafafu sama. Wa zai ga haka ya ce ba a yi aiki ba?

Duk mun san hayaƙi sauro mai tashi kawai yake kashewa, ba ya taɓa ƙwai da tsutsar da ke cikin ruwa. Ma'aikatan lafiya sun faɗa har bakinsu ya gaji. Amma hayaƙi ana ganinsa, buroshi kuwa sai an sunkuya. A hankali aikin gayya ya mutu, babu ma wanda ya yi masa ta'aziyya.

Wuri ɗaya ne hayaƙin bai taɓa leƙawa ba: filin kurciyoyi. In za a yi feshi sai Pak Darmaji ya lulluɓe shi da tamfol, don kada tsuntsayensa su shaƙa.

Bayan 'yan kwanaki sauro ya dawo. Aka sake feshi, ya sake dawowa.

Mas Gunadi, wani direban tasi da bakinsa ba ya shiru, ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Pak, anya sauron nan ba ranar feshi suke tafiya ganin gida ba? Da an gama sai su dawo da 'yan uwansu."

Mutane suka yi dariya. Pak Darmaji bai yi ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, yawancin waɗanda ciwon ya kwantar a layinsa suke. Tunda injinsa ba zai yi laifi ba, dole a samo mai laifi.

Jikin katangarsa akwai rumfar Mbok Painem, wata dattijuwa da mijinta ya rasu. Awara da ayaba da rogo take soyawa tun safe har la'asar, kuma da wannan kaskon take ci. Lambatu ya bi ta gefen rumfar, ruwansa baƙi wuluk.

Ya zo ya tsaya a kanta, hannuwa a baya.

"Mbok, kin ga ruwan nan? A nan ciwon yake fitowa."

"Pak, ai lambatun na gudu. Kullum ina share bakinsa."

"Ni zan yi ta shan hayaƙi, ke kina kiwon sauro? A taron unguwa mai zuwa za a yanke magana. Rumfar nan za ta tashi."

Ta juya awararta a cikin mai.

"In ta tashi, Pak, ina zan kai kaskon?"

"Wannan kuma ba matsalar unguwa ba ce."

Wallahi abin ya ba ni haushi, amma ban ce uffan ba. Babu wanda ya ce. Mutane sun tsorata da ciwon, kuma baƙin ruwa ya fi kama da mai laifi. Har ciniki ya fara ja mata baya.

Kafin ranar taro, Bu Lastri ta kwanta. Zazzaɓi mai zafi, ciwon bayan ido, gaɓoɓi kamar ana sara. Aka kai ta asibiti, likita ya ce dengi ne, aka ba ta gado. 'Ya'yansu suna Jakarta, don haka Pak Darmaji ne ya tare a gefen gadonta.

To, wa zai ba kurciyoyi abinci? Maza sun tafi aiki, mata suna fama da nasu marasa lafiya. Mutum ɗaya ce kullum take jikin katangar nan.

Da Pak Darmaji ya zo gida ɗaukar kayan sawa, sai ya tsaya gaban rumfar yana kallon ƙasa, ya miƙa makulli.

"Mbok, gero na cikin gwangwani. Ruwansu na duro. Kada a ba su na famfo."

Ta goge hannunta a zani ta karɓa.

"Yaya jikin Bu Lastri?"

"Da sauƙi dai."

"Allah ya ƙara sauƙi. Je ka, Pak, kar ka damu da tsuntsaye."

Washegari da hantsi sai ga ta a asibiti. Ta kawo shinkafa a ganyen ayaba da ruwan gwaiba, irin wanda muke kai wa mai dengi. Ta zauna ta yi wa Bu Lastri sannu, ta matsa mata ƙafafu. Da za ta tafi ta ce, "Pak, ɗan raka ni bakin ƙofa."

A baranda ta ciro wata kwalba daga cikin leda ta ba shi. Ruwa ne garau, tas kamar na sha. A cikinsa tsutsar sauro ce ke ta wutsil-wutsil, ba ta ƙirguwa.

"Daga ina?"

"Daga duron kurciyoyinka. Da na ɗaga murfin, sauron da ya tashi sai da na kare fuska. Masu zanen fari a ƙafa, irin masu kawo dengi."

Pak Darmaji ya juya ya hango matarsa ta taga, an ɗaura mata ƙarin ruwa. Ya zauna a benci.

"Na zubar da ruwan," in ji ta. "Na dirje duron na kife shi. Ka yi haƙuri, na famfo suka sha yau, kuma ban ji muryarsu ta canza ba."

Yana kallon kwalbar ya ce, "Wa ya gani?"

"Ni da Allah. Sai kurciyoyin, su kuma ba sa gulma."

Ta gyara ɗankwalinta ta tafi. Ba ta yi maganar rumfa ba, ko da kalma ɗaya.

Allah ya taimaka, Bu Lastri ta tashi. Ranar taro ta zo, muka zazzauna kan tabarmi a barandar masallaci. Mbok Painem ta kawo tiren soyayyar ayaba kamar yadda take yi a kowane taro, ta koma can gefe ta zauna. Kowa ya san abin da za a yanke, shi ya sa babu mai iya kallonta.

Ku lura, Pak Darmaji yana da hanya mai sauƙi. Yana iya cewa an ɗage maganar rumfa, shi ke nan. Duro ya bushe, matar ta rufa masa asiri, babu wanda zai taɓa sani.

Sai ya sa hannu a jaka ya ciro kwalbar nan, ya ajiye a tsakiyar tabarma.

"Jama'a, wannan daga gidana ya fito. Ina fesa muku hayaƙi ta gaba, ina ƙyanƙyasar sauro ta baya. Matar da na ce a tayar ita ta gano, ta wanke, ta yi shiru. Ni ne na kusa kashe matata da hannuna."



Ya sake sa hannu a jaka ya ciro kwaɗon filin kurciyoyi, ya ajiye kusa da kwalbar.

"An ce yau za a tayar da abu a unguwar nan. To ga shi, kwaɗon nan na tayar, rumfa kuma tana nan. Ranar Lahadi aikin gayya zai dawo, kuma daga bayan gidana za a fara." Ya juya wajen Mbok Painem. "Mbok, ki yafe mini."

Ta share ido da gefen ɗankwali, ta turo tiren gabansa.

"Ci, Pak, kafin ta huce. Gobe ma ina nan jikin katangarka."

Darasi: Hayaƙi yana kashe sauron da ke tashi, amma na gobe yana cikin ruwan da ka ƙi dubawa. Kafin ka nuna lambatun maƙwabci, ɗaga murfin duronka. Kuma kada ka raina wanda ke jikin katangarka, wataƙila shi ne zai rufa maka asiri ranar da naka ya tonu. Ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta, in kun gama kuma ku leƙa bayan gida.