Sharar da Jafaru Ya Yi wa Kwamfutar Ƙanwarsa

Jafaru mai shagon kwamfuta a bakin kasuwar Goronyo ba mugun mutum ba ne, amma yana da ciwo guda: ba ya iya jin an yabi wani a gabansa. Ni Shittu na san shi ciki da bai, domin teburin da nake sayar da katin waya a jikin bangon shagonsa yake. Shekara bakwai shi kaɗai ke buga wa mutane takardu, har ana kiransa Injiniya, shi kuwa yana amsawa yana hura hanci.

Ana nan sai aka turo Malam Philemon, wani mutumin Zuru, ya koyar da kwamfuta a sakandare. Bawan Allah ko shago bai buɗe ba. Da la'asar yakan zauna a barandar gidansa, duk wanda kwamfutarsa ta yi nauyi ya kai masa, ta dawo tana gudu. Cikin aikin da yake yi har da share rajista, wato kundin da kwamfuta ke ajiye duk saitinta a ciki. Ya ce manhajar da aka cire takan bar tarkace a wurin, sai an bi a hankali an tsince.

Tun daga Taloka har Rara aka shiga ambatonsa. Wallahi da idona na ga Jafaru ya ture kwanon shinkafa don wani dillalin albasa ya ce hannun Malam Philemon da albarka. Hassada ta ci shi har ya rame.

Wata rana ya bi ta gidan kamar mai wucewa, ya tsaya yana leƙen aikin ta bayan kafaɗa. Ya ga malamin ya fara soka filas, 'yar ma'ajiyar da ake kwafe aiki a ciki, ya zauna yana jira ta kwashe komai, sannan ya buɗe rajista ya goge layi kaɗan. Jafaru ya dawo yana dariya.

"Shittu, ashe wanga abu na aka yabo? Ciran ciyawa na kurum, awa cikin albasa! Filas ɗin da shika sokawa kuwa jan aji na."

Na ce, "To ka tambaye shi mana amfaninta."

"Ni in tambayi baƙo? Allah shi kiyashe ni!"

Jafaru yana da ƙanwa, Halimatu Sa'adiya, tana shekarar ƙarshe a makarantar kiwon lafiya. Wata shida ta yi tana bin ƙauyukan Wurno da Rabah a kan kabu-kabu, tana naɗar muryoyin iyaye mata kan zazzaɓin yara don rubuta aikin bincikenta na kammala karatu. Wayarta ta cika, ta juye komai cikin kwamfutarta, muryoyin da rubutun duka. Ran Alhamis za ta miƙa aikin, in ta kasa sai baɗi.

Ran Litinin ta biyo ta shago da jakarta.

"Yaya, za ni kai ma Malam Philemon kwamfutata, ta yi nauyi, ba ta bari in gama."

Fuskar Jafaru ta sauya. "Mi kic ce? Ina raye, ɗiyar gidanmu ta kai aiki wurin wani? Mi shika yi da ban iya ba?"

"Yac ce sai an kwashe aikin tukuna..."

"Aje ta nan!"

Yayanta ne, ta ajiye.

Bai soka filas ba. Ya buɗe rajista, ya ga sunaye rututu da bai taɓa gani ba, ya ce duk ciyawa ce. Inda malam ke goge biyar, shi ya goge ɗari, don a san ya fi shi. Ya kashe ya kunna. Allo ya yi shuɗi, ya tsaya cak. Ya sake kunnawa, haka.

Ran Talata na same shi gumi na zuba. Na ce, "Jafaru, ka ji tsoron Allah. Ɗauki abin nan mu tai wurin malam, ni zan ce tawa ta."

Ya harare ni. "In yag gane fa? Kasuwa duka ta yi man dariya?"

Maimakon haka sai ya yi wa kwamfutar fomat, ya wanke cikinta tas, ya zuba sabbin manhajoji har da waƙoƙi don ya burge. Ran Laraba ya miƙa wa Halimatu yana washe baki. Kwamfuta kam tana gudu. Halimatu ta buɗe nan, ta buɗe can.

"Yaya, ina aikina?"

Ta sake dubawa, babu komai a ciki.

"Yaya, ina aikina?"

Ban taɓa jin kuka mai cin rai irin na yarinyar nan ba. Ni na ɗauki jakar, muka nufi gidan Malam Philemon, Jafaru na biye da mu kansa a ƙasa. Malam bai faɗi baƙar magana ko ɗaya ba. Ya zauna a kai tun azahar har aka kira magariba, sannan ya cire tabarau ya dubi Jafaru.

"Ɗan'uwa, da jiya ka kawo ta a mace, da na ciro faifan ajiyarta na kwashe aikin cikin minti ashirin. Rajista kawai ka ɓata, aikin yana nan lafiya. Fomat ɗin da abin da ka zuba a kai su suka binne shi. Shafi ɗaya na iya cetowa."

Ya juyo da allon. Shafin sadaukarwa ne. Halimatu ta rubuta cewa ta sadaukar da aikin ga yayanta Jafaru, wanda ya fara ɗora hannunta a kan kwamfuta.

Jafaru ya karanta, ya zauna a ƙasa. 'Yan ajinta suka gama a wannan shekarar, ita ta sake hawa kabu-kabu. Har yau in ta zo kasuwa, ni take gaisarwa ta wuce.

Ya kai mai karatu, darasin a fili yake. Leƙe ba koyo ba ne, kuma matambayi ba ya ɓata. Kada ka taɓa rajistar kwamfuta sai ka kwashe abin da ke cikinta ka adana, kada kuma ka goge abin da ba ka san aikinsa ba. In ka yi kuskure, faɗi tun ana iya gyarawa. Hassadar Jafaru ba ta rage wa Malam Philemon komai ba, ƙanwarsa ta cikinsu ɗaya ita ta sha wahalarta.