Shekarar da Tuwo Ya Daina Ƙosarwa

A wani zamani mai tsawo, wanda ko kakannin kakanninmu labarinsa kawai suka tarar, an yi wani birni a gindin duwatsu bakwai, ana kiransa Birnin Shuni. Rafi ne ya ratsa tsakiyarsa, ya bi ta ƙarƙashin itatuwan ɗorawa, ya gangara unguwar marina, inda ake rina tufafin da fatake ke tasowa daga uwa duniya domin saye. Tsofaffi suna cewa a wancan lokaci baƙo ba ya tambayar masauki a birnin nan, duk ƙofar da ya yi sallama nan ne gidansu.

Abin da ya fi komai daraja a birnin shi ne Rumbun Gari. Kowace kaka, kowane magidanci yakan kai damin gero guda a sussuke a zuba, domin marayu da gajiyayyu da shekarar da damina ta yi gardama. Tun kafuwar birnin, wata aljana mazauniyar dutse na bakwai, wadda ake kira Mai Faifai, ta ba sarki na farko wani mudu na baƙin itace, ta kafa masa sharuɗɗa biyu: ba a fitar da ko ƙwaya sai da wannan mudu, kuma duk mudun da Ma'aji zai auna, sai ya ɗaga murya ya faɗi sunan bakin da zai ci. Muddin aka kiyaye haka, ita kuma ta ɗauki alkawarin loma uku za ta ƙosar da ƙato a birnin.

A zamanin da muke magana, Sarki Anaruwa ne bisa gado, mutum mai kwarjini da kyauta, amma yana ɗauke da wani tsohon miki a zuci. Ma'ajinsa kuwa Jatau ne, dattijo mai sanyin hali, wanda ya fi kowa sanin asalin mikin nan, domin a gabansa aka yi shi. Su uku suka tashi tare: Anaruwa ɗan sarki, da Jatau, da Cindo ɗan marina. Tare suke wanka a rafi, tare suke satar ɗorawa, akushi ɗaya suke sa hannu a zauren uban Cindo. Ranar wani wasan kaka, suna samari, aka haɗa Anaruwa da Cindo kokawa a gaban gari duka, Cindo ya ɗaga ɗan sarki ya shimfiɗa bayansa a ƙasa. Aka yi shewa, aka watse, kowa ya manta. Anaruwa ne kaɗai bai manta ba, har shekara arba'in.

Da ma abin ya kwanta a haka, sai Nomau ɗan Cindo da Gimbiya Tasalla 'yar sarki suka ga juna suka so juna. Cindo, wanda yanzu shi ne Sarkin Marina, ya aiko da manya neman aure. Ana cikin fada ana gaisuwa, wani tsohon makaɗi da murna ta ɗebe shi ya saɓa gangarsa ya buga taken kokawar Cindo na wancan zamani. Dattawan da suka gane kiɗan suka yi murmushi. Jatau ya dubi fuskar sarki, ya ga tsohon mikin ya tashi.

Kwana uku bayan haka sarki ya kira shi, ga wani boka mai suna Kurungu zaune a gefe. Sarki ya ce, "Ma'aji, mun yi nufin gina katanga a bakin rafi, mu juya ruwa ya bi ta yamma. Magina dubu za su yi aikin, wannan bawan Allah kuma zai ɗaure ruwan da asirinsa. Daga Rumbun Gari za a ciyar da su, a kuma sallame su."

Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, idan ruwa ya bi ta yamma, marina ta mutu, gida ɗari uku sun rasa abin yi. Kuma in na ɗauki mudu, sunan wa zan kira?"

Sarki ya ce, "Ka ce domin jama'a. Ko magina ba jama'a ba ne? Jatau, tun muna yara ba ka taɓa juya mini baya ba. Yau za ka fara?"

Da barazana sarki ya yi masa, wataƙila da ya iya tsayawa. Amma da ƙuruciyarsu ya roƙe shi, Jatau kuwa mutum ne da ba ya iya jin an ambaci wancan zamani zuciyarsa ba ta karye ba. Washegari ya buɗe rumbu, ya cika mudu, ya ɗaga murya ya ce, "Domin jama'a!" Kai, kalmar nan ta sha wahala a bakin masu mulki, ba a taɓa cin dukiyar mutane ba tare da an fara kiran sunansu ba. Haka Jatau ya yi ta aunawa wata biyar, katanga tana tashi, rumbu yana sauka, har ranar da boka ya binne layarsa a gindin gini, ruwa ya juya. Ramukan rini suka bushe suka tsattsage, aka daina jin bugun tufafi daga unguwar marina, aka kuma daina maganar auren Tasalla.

Daga nan sai wani abu ya sauka a birnin wanda ba a taɓa gani ba. Tuwo ya daina ƙosarwa. Mace za ta tuƙa tukunya guda, iyali su cinye su suɗe, su tashi kamar ba su sa komai a baki ba. Attajiri da matalauci duk ɗaya, har sarki kansa yakan ci akushi bakwai ya tashi yana hamma. Rumbunan gidaje suka ƙare tun kafin bazara, mutane suka fara rufe ƙofa idan za su ci abinci, baƙo ya yi sallama a yi shiru. Wannan rufe ƙofar ya fi yunwar kanta ciwo a ran Jatau, domin ya san birnin da ya tashi a ciki, kuma ya san hannun da ya kashe shi.

Sai ya saka mudu a burgami, ya ɗauki sandarsa, ya nufi dutse na bakwai. Ya yi kwana tara yana hawa da gangara, ya ratsa sarƙaƙiyar da ƙayarta ke kiran sunan mai wucewa, ya haye kwazazzabon da iska ke kuka da muryar jarirai, bai waiwaya ba. Ranar ta goma da hantsi ya iske wata tsohuwa doguwa zaune bisa falalen dutse, gashinta fari fat har ƙasa, tana sheƙar gero da faifan zinariya.

Bai buɗe baki ba ta ce, "Ma'ajin Birnin Shuni, na san abin da ya kawo ka. Karɓi faifan nan, gero ne gauraye da yashi. Ka raba mini su, sannan mu yi magana."

Jatau ya yi ta sheƙa har rana ta take tsaka, yashi ya ƙi rabuwa. Mai Faifai ta ce, "Wa ya ci geron marayu?" Ya ce, "Magina." Yashi ya ƙaru. Ya ce, "Boka Kurungu." Yashi ya cika faifai har yana zuba. Sai Jatau ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa, ya faɗi gaskiya. Nan take yashin ya tashi sama kamar hayaƙi, gero ya saura tas.

Aljana ta ce, "Ɗan Adam, ni ban janye albarkata don fushi ba. Bakin da ka auna wa ba ya ƙoshi, shi ya sa duk wanda ka kira sunansa a madadinsa ya gaji yunwarsa, kai kuwa jama'a ka kira. Koma ka faɗi abin da ka faɗa mini a gaban gari duka, mudu a hannunka. Abin da sarki zai yi da kai bayan nan, ba ni da iko a kai. Kuma ka sani, hannun da ya auna ƙarya ba zai sake riƙe muduna ba."

Jatau ya dawo ranar kasuwa, ya tarar an taru a ƙofar rumbu, sarki da fadawa da dogarai, domin boka ya zo karɓar cikon ladansa daga ɗan abin da ya rage. Sarki ya ce, "Ma'aji, auna masa."

Jatau ya cika mudu, ya ɗaga shi sama ya ce da ƙarfi, "Mudu ɗaya, domin bayan Anaruwa da ya taɓa ƙasa a filin kokawa, shekara arba'in da suka wuce!"

Dogarai suka zare takubba suna jiran umarni, idon sarki ya kaɗa ya yi ja. Kafin ya yi magana sai taro ya dare, ga wani tsoho ya fito yana dogara sanda, ya rame har haƙarƙarinsa sun fito, hannayensa shuɗaye da tsohon rini. Cindo ne. Rabon da sarki ya gan shi kusa haka an yi shekaru.

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe wannan ne? Da ka aiko mini tun tuni, ai da ba a kai ga geron marayu ba. Bayana kake so ya taɓa ƙasa? Ga shi." Ya ajiye sandarsa, ya durƙusa da ƙyar, ya kwanta rigingine a cikin turɓaya a gaban gari duka.

Ba wanda ya yi shewa, ba wanda ya buga ganga. Sarki ya tsaya yana kallon abin da ya yi shekara arba'in yana jira, abin da ya zubar da rumbu guda domin ya samu, sai ya ga tsoho ne kawai kwance a ƙasa, yana yunƙurin tashi ya kasa. Kunya ta lulluɓe shi, da baƙin ciki mai tsanani. Ya sauko, ya tuɓe alkyabbarsa, ya sa hannu biyu ya ɗaga Cindo, ya shiga kakkaɓe masa baya yana kuka, yana cewa, "Cindo, ina ƙarfin nan naka ya tafi?"

Cindo ya ce, "Inda naka ya tafi, Anaruwa."

A ranar sarki da kansa ya fara sa gatari a katanga. Da aka tono layar, boka Kurungu ya zama guguwa ya bi daji, ruwa ya dawo hanyarsa. Sarki ya sayar da dawakansa da kayan adonsa, ya cika Rumbun Gari daga dukiyar gidansa, ya kuma roƙi gafarar unguwar marina gida gida. Jatau ya miƙa mudu ga Gimbiya Tasalla da yardar dattawa, domin ita ce ta riƙa kai nata abincin zuwa unguwar marina a ɓoye duk tsawon yunwar.

Da kaka ta yi aka ɗaura auren Tasalla da Nomau, aka yi kwana bakwai ana biki, ƙofofi a buɗe kamar da. Ranar walima tsofaffin nan uku suka zame daga taro, suka tafi gindin ɗorawa a bakin rafi, aka kai musu tuwo a akushi ɗaya. Hira ba ta yi tsawo ba, domin shekara arba'in ba ta dawowa, kuma akwai waɗanda yunwar ta tafi da su, ba wanda zai iya mayar da su. Jatau ya yi loma uku, ya kai hannu zai yi ta huɗu, sai ya ji ba wuri. Ya dubi abokansa, su ma sun janye hannu. Suka zauna suna kallon sauran tuwon a akushi, ruwa yana wucewa ta gabansu zuwa marina.