Yadda Izinin Taron Masaƙa Ya Koma Hannun Tasalla

An yi wani sarki a Birnin Ƙarau, sunansa Mamuda ɗan Zakari, mutum mai natsuwa da tsantseni, wanda ba ya gaggawar hukunci, ba ya kuma son a warware abin da ya ƙulla. A farkon sarautarsa an yi wani taro a bakin kasuwa, jama'a suka yi turereniya a wata ƙaramar ƙofa har rayuka bakwai suka salwanta. Tun daga ranar ya kafa doka cewa ba mai tara jama'a a dandalin birni sai da takardar izini mai hatimin fada, kowace shekara mai ita ya zo da ƙafarsa a sabunta masa, kuma shi da kansa zai tsaya a kan taron. Ba a aronta, ba a sayar da ita, ba a gadonta.

Cikin masu riƙe da irin wannan takarda akwai wani dattijo, Jatau, shugaban masaƙan birnin. Shekara goma sha tara yana shirya taron masaƙa, wanda ake yi na kwana uku bayan kaka, masaƙa da marina da mata masu kaɗi su baje kayansu, baƙi su zo daga nesa su saya, ba a taɓa jin an taka ko da ƙafar wani ba. Sai dai shekara shida ke nan da yanar ido ta rufe masa gani. 'Yarsa Tasalla, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida, ita ke ja masa gora zuwa wurin magatakarda, a buga hatimi su komo, sa'an nan ita ta yi aikin duka da sunansa.

Da lokacin sabuntawa ya zo a wannan shekara, sai wani falke mai suna Barmo ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, dokarka ta ce mai izini shi zai tsaya a kan taro, ga shi kuwa Jatau ba ya ganin tafin hannunsa. Ina roƙo a mayar da takardar gare ni. Ina da mutane, ina da sanayya a garuruwa, zan ninka taron nan har sunan birninka ya kai inda bai taɓa kaiwa ba."

Sarki ya sa aka bincika, aka tarar maganar Barmo gaskiya ce. Abin ya dame shi, ya kira wazirinsa, Malam Sambo, wanda ya shahara da ilmi da sanyin magana, ya ce masa, "Waziri, in na kau da kai, dokata ta zama wasa, gobe kowa ya ba wanda ya ga dama aron izininsa. In kuma na zartar da ita yadda take, na hukunta gidan da bai taɓa jawo mini kuka ba. Nemo mini mafita wadda ba ta karya doka, ba ta kuma zalunci kowa."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan shari'a ba ta zaure ba ce. In ka yarda, gobe da hantsi mu tafi dandalin da su duka uku."

Da gari ya waye suka hallara. Fili ne fetal, ba kowa sai awaki. Waziri ya dubi Barmo ya ce, "Ka ɗauka takarda tana hannunka. Nuna wa Sarki yadda za ka tsara taron."

Barmo ya yi bayani mai daɗin ji. Ya nuna wani wuri mai laushin ƙasa a tsakiya ya ce nan zai kafa babbar rumfa ta manyan baƙi. Masu abinci zai jera su daga gabas, kusa da masu auduga, don mai ciniki ya ci ya saya ba tare da wahala ba. Hanyoyi huɗu da ke shiga filin kuwa zai toshe uku, ya bar ɗaya da dogarai, don kada ɓarayi su sulale da kayan mutane.

Waziri ya yaba masa, sa'an nan ya juya ga Tasalla. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya magana a gaban manya ba. Amma wurin nan mai laushi tsohuwar marina ce aka cike, ƙarƙashinsa ramuka ne, in mutum ashirin suka taru a kai zai rufta. Ƙaya muke zagaye shi da ita. Masu tuya kuwa yamma muke kai su, bayan rijiya, don iskar kaka daga gabas take busowa, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye audugar shekara. Hanyoyin nan kuma ba ma rufe ko ɗaya. Gara a sace zane goma da a danne mutum guda."

Jatau, da ke tsaye riƙe da sandarsa, ya ce, "Kin manta lungun maƙera, Tasalla."

Ta ce, "Haka ne, Baba. Ta nan muke bi da tsofaffi da masu goyo, don ba a shiga da dabba ta wurin."

Barmo ya tafi ya taka wurin nan mai laushi, ya ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafarsa, ya ja da baya.

Sarki ya dubi dattijon ya ce, "Jatau, me ya hana ka zo ka gaya mini tun shekarar da idonka ya tafi?"

Jatau ya ce, "Allah ya taimake ka, tsoro da son girma. Na ga dokarka ba ta da ƙofar da mutum zai miƙa wa wani, na ce in na faɗa za a karɓe a ba bare, taron ya lalace, ni kuma in zama tsohon da ba a tambayarsa kome. Laifin nawa ne, ita biyayya ta yi mini."

Sarki ya ce, "Waziri, me ka gani?"

Waziri ya ce, "Allah ya ƙara maka imani, Barmo ya faɗi gaskiya, kuma bai kamata wanda ya faɗi gaskiya ya koma gida da kunya ba. Jatau ya ɓoye abin da ya wajaba ya bayyana, don haka ba za a sabunta masa ba. Amma ka hana aro da gado ne domin kada rayukan talakawanka su faɗa hannun wanda bai san aikin ba, yau kuwa ka ji da kunnenka wanda ya san shi. A rubuta sabuwar takarda da sunan Tasalla, ba don 'yarsa ce ba, sai don an jarraba ta ta ci. Barmo ya yi taron bana a ƙarƙashinta, ya kawo baƙinsa, baɗi in ya nemi izinin nasa taron a jarraba shi. A kuma ƙara wa doka cewa duk wanda rauni ya kama ya zo ya faɗa ba tare da fargaba ba, ya ambaci wanda ya amince da shi, a kai shi fili a gwada."

Sarki ya tambayi Barmo ko ya yarda. Barmo ya ce, "Na yarda, Allah ya ba ka nasara. Da an ba ni jiya, da na kashe baƙin da na gayyato da hannuna."

Nan take magatakarda ya rubuta, aka buga hatimi. Sarki ya miƙa wa Jatau takardar ya ce ya ba 'yarsa da hannunsa. Dattijon ya lalubi hannun 'yarsa ya danƙa mata, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Allah ya riƙa miki."

Da suka koma fada, Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya kuma ɗora shi a kan duk takardun izini na birnin. Aka yi taron bana lafiya, Jatau na zaune a inuwa masaƙa suna zuwa gaishe shi.

Masu hankali sun fahimta daga wannan cewa adalci shi ne a tsare doka saboda mutanen da aka yi ta dominsu, kuma a ɗora amana a kan wanda zai iya ɗaukarta.