Sartse a Ƙarƙashin Gam

Akwai wani kafinta da mutanen layinsu suke kira Malam Ba Komai. Sunansa na yanka ya ɓace mini, kamar yadda abubuwa da yawa suke ɓace mini yanzu, amma laƙabin ya zauna daram, domin shi ne halinsa. In guduma ta sauka a yatsansa, sai ya ce ba komai. In katako ya faɗo masa a ƙafa, ba komai. Gwani ne a aiki, ƙofar da ya haɗa ba ta kuka, aljihun teburinsa ba ya cijewa. Aibinsa ɗaya ne: ya tsani a ga gazawarsa, ko da matarsa ce.

Yana da wata al'ada da ya koya tun yana yaron shago. In ya yanke, ba ya neman ruwa balle magani. Sai ya lakato gam ɗin da yake haɗa katako da shi, ya shafe bakin ciwon, ya barbaɗa garin katako a kai, ya naɗe da salatif ya ci gaba da aiki.

"Abin da ya riƙe ƙafar kujera," in ji shi, "fatar mutum ce za ta gagare shi?"

To, shi wannan bawan Allah yana ɗauke da wani ciwo na jijiyoyi, irin wanda yake tasowa ya kwanta, ba ya rabuwa da mutum. Lokacin da ya fara tasar masa, ƙafarsa ta hagu ta yi nauyi kamar ba tasa ba, idonsa ɗaya ya riƙa ganin hazo, ya daɗe a kwance. Da aka ɗora shi a kan magani ya miƙe, ya koma shago, har mutane suka manta. Matarsa ce ba ta manta ba. Ta ji a bakin mata a layin asibiti cewa ko ƙwarzane mai irin wannan ciwo ya samu, ciwon zai farka. Ta kai maganar wurin yayansa, wanda shi ne mai ginin da shagon yake ciki.

Yayan ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi zarto da ƙusoshi da injin yanka, ya girgiza kai.

"Ƙanena, kai da aka ce ko allura kada ta soke ka, ka zo ka zauna a tsakiyar haƙora? Ka ji ni da kyau. Ranar da ciwon nan ya sake kayar da kai, na rufe shagon nan na ba mai walda. Ya daɗe yana roƙona."

Mai walda maƙwabcin kafinta ne, abokin tsokanarsa, bango ɗaya ya raba su. Ya leƙo da baƙin tabarau a goshi yana dariya.

"Yaya, ka faɗa masa ya bar mini bencin nan in zai tafi. Ina son sa."

"Ka mutu da son sa," in ji kafinta. "Mai ƙona ƙarfe kawai."

Aka yi dariya aka watse, amma maganar ta zauna masa a ƙirji. Shagon nan shi ne ransa.

Ana nan, wata safiya yana shafa wani tsohon katako da tafin hannu don ya ji inda bai yi sumul ba, sai sartse ya shige masa gindin babban yatsa na dama. Ya sa bakin ƙusa ya tono abin da ya iya, sauran ya karye a ciki. Ya waiga, ba kowa. Ya jawo gwangwanin gam.

A gida matarsa ta ga salatif ta tambaya.

"Kanta ce ta fashe, Maman yara. Ba komai."

Gam ya yi aikinsa na gam, ya rufe ciwon ruf, da sartsen da dattin duka a ciki. Bayan 'yan kwanaki yatsan ya kumbura ya fara zuga. Sai jikinsa ya ɗauki zafi. Sai kuma abin da yake tsoro ya iso: ya tashi daga benci ƙafar hagu ta ƙi bin sa, ya ɗaga katako ya duba miƙewarsa da ido ɗaya kamar yadda ya saba, ya ga layin ya rabu biyu.

Ya zauna a kan buhun garin katako. Ashe gaskiyar matan asibiti ne, in ji shi a ransa. Ɗan sartse ya tayar da ciwon. Maimakon ya faɗa, sai ya ƙara wani gam a kan na farko. Ya riƙa fita da wuri kafin a lura da tafiyarsa, in ya dawo ya ce gajiya ce.

Ranar da asiri ya tonu, da rana tsaka ne. Matarsa ta kawo masa abinci shago. Yana jin sallamarta ya yi maza ya jingina da tebur, ya ɓoye hannu a aljihu, ya saki fuska. Ita kuwa ba fuskarsa ta duba ba. Ƙasa ta duba. Garin katako ya rufe daɓen shagon, kuma a cikinsa akwai sawun ƙafa ɗaya, kusa da shi wani dogon layi na jan ƙafa, daga benci zuwa inji, daga inji zuwa ƙofa. Ta san layin nan. Ta taɓa share irinsa a tsakar gidanta.

Ta ajiye kwanon a hankali.

"Baban yara, tako ka karɓi abincinka."

"Ajiye nan, ina zuwa."

"Na ce ka tako."

Ya yi taku ɗaya, na biyu ya ja ƙasa. Ta kama hannunsa don ta tare shi, ya yi ƙara, ta ji hannun kamar an ciro shi daga wuta.

Mai walda ne ya kai su asibiti. Duk hanya bai yi tsokana ko ɗaya ba, abin da ya ƙara tsorata kafinta.

Likitar da take duba shi tun farkon ciwon ta warware salatif, ta tsaya tana kallo.

"Malam, wannan mene ne?"

"Gam ne, likita."

"Gam. To ni ce kafinta yau, sai na ɓamɓare aikinka."

Ta jiƙa, ta ɓare, ta tsaga wurin, mugunya ta fito, sartsen ya biyo baya, ɗan siriri kamar tsinken sakace. Ta ɗaga shi ta nuna musu. Matar ta fashe da kuka.

"Na faɗa masa! Na ce ko ƙwarzane ya samu ciwon zai tashi. Ga shi nan."

"Baiwar Allah, zauna," in ji likita. "A iya abin da muka sani, ɗan yanka ko ɗan bugu shi kaɗai ba a tabbatar yana tayar da ciwon nan ba. Abin da na fi zato shi ne wannan. Jijiyoyinsa da suka taɓa jin ciwo kamar wayar wuta suke wadda rigarta ta goge. Tana aiki lafiya, amma in ta yi zafi sai wuta ta riƙa ɗaukewa. Ciwon da aka rufe ya ruɓa, ya kawo zazzaɓi, zazzaɓin ya dawo da tsofaffin alamu. Da ya wanke shi da sabulu ranar farko, da wataƙila ba ku zo nan ba."

Kafinta ya ɗago kai. "Wato bai tashi ba?"

"Ban ce ba tukuna. Cutar da aka bari ta yi nisa tana iya tayar da shi da gaske. Za mu kashe ta, mu sauke zazzaɓin, mu gani. In ƙafa ta dawo, ka tsira. In ba ta dawo ba, sai mu sake zama."

Aka kwantar da shi. Yayansa ya zo ya karɓi makullin shago ya sa a aljihu. Kafinta ya bi aljihun da kallo har ya fita. A karo na farko a rayuwarsa, duk wanda ya tambaye shi jiki sai ya faɗi gaskiya: nan yana zuga, nan ya yi sauƙi, ido har yanzu da saura.

Zazzaɓin ya sauka. Da safe ya buɗe ido ya dubi ƙofar ɗakin da yake kwance, ya ga layinta guda ɗaya tak. Ya ƙura mata ido, ya yi tsaki.

"Maman yara, wa ya haɗa ƙofar nan? Ta karkace."

Matar ta saki kofin da ke hannunta. Ya sauko da ƙafafu, ya miƙe, ya taka har bakin ƙofar ya dawo, ƙafar hagu tana ɗaguwa tana sauka kamar ta kowa. Tana dariya tana share hawaye, har masu jinya na gadon kusa suka taya su murna.

Likita ta kira yayan ta yi masa bayani da bakinta. Ta ce zaman gida ba zai kare ƙanensa daga komai ba, aikin ma yana ƙara masa ƙarfi, sai dai ya sa safar hannu inda ta dace, ya guji zafi mai yawa, ya daina yi wa jikinsa aikin kujera. Yayan ya laluba aljihu, ya ajiye makullin a kan gado.

Ranar da kafinta ya buɗe shago, layin ya cika da masu barka. Mai walda ya leƙo yana ɓata fuska da gangan.

"Ni da na riga na auna inda zan sa injina."

"Auna hanyar komawa shagonka," in ji kafinta.

Aikin farko da ya yi ba na kowa ba ne. Ya zaɓi katako mafi kyau da yake da shi, ya haɗa ɗan akwati mai murfi, ya goge shi har yana ɗaukar ido, ya kafa shi a bango daidai inda gwangwanin gam yake zama a da. Matarsa ta cika shi da sabulu da auduga da bandeji da maganin wanke ciwo. Ba a jima ba mai walda ya ƙone a yatsa, ya shigo yana yarfe hannu yana cewa ba komai.

"Da komai," in ji kafinta, ya buɗe akwatin. "Zauna a bencin nan da kake so."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙaramin rauni ba shi ne abin tsoro ba, ɓoye shi ne. Mai ɗauke da ciwo mai daɗewa kada ya rufe abin da ya same shi don gudun a ce ya gaza, ya wanke, ya faɗa, ya je wurin masani da wuri. Masu ƙaunarsa kuma kada su tsorata shi da jita-jita har ya ga gara ya yi shiru. Kafinta ya kusa rasa shagonsa a lokacin da yake cewa ba komai, ya same shi a lokacin da ya koyi faɗin inda yake masa ciwo.