Ƙurunƙus a Fadar Magaji

Na rantse ba za ku yarda ba, amma ni Tanimu Baki-da-Zuma, wanda ya bar jami'a a aji biyu don ta yi masa kaɗan, kalma ɗaya ce ta raba ni da mazaunina a fadar Magajin garinmu.

Na daɗe ina zama a daman Magaji, in ba shi labari, ya yi dariya har rawani ya karkace. Sai ga taubashina Junaidu, wanda muka shiga jami'a tare, ya dawo daga Turai, wai shi Dakta, yana koyar da tarihi. Gari ya ɗauka: Dakta ya zo da labari, Magaji zai saurare shi ranar Juma'a bayan masallaci. Yaron da ni na koya masa hawa keke! Abinci ya daina yi mini daɗi.

Ranar Alhamis na laɓe bayan zana, Junaidu yana kunna wa mahaifinsa, kawuna, muryar wata tsohuwa a wayarsa, yana fassarawa. Na kwashe tas. Ana sallame Juma'a na riga shi fada, na faɗi na yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, abin da Junaidu zai kawo, ni na fara jin sa, daga bakin mai shi."

Magaji ya ce, "Kai da ko Legas ba ka taɓa zuwa ba?"

"Labari shi ke zuwa wurina, ranka ya daɗe."

"To, muna ji."

Na ce, akwai wata tsohuwa Bayahudiya mai suna Perla, wadda ke bin jami'o'i tana shaida wa ɗalibai abin da idonta ya gani a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da 'yan Nazi suka kashe Yahudawa wajen miliyan shida. Wata rana wata ɗaliba ta tambaye ta abin da ya fi ci mata rai. Ga abin da tsohuwar ta ce:

"'Yata, kishi ne. Ina budurwa aka cusa mu a taragon dabbobi, ni da mahaifiyata Hinda da ƙanwata Mina. Da aka sauke mu a sansani, sojoji na raba mutane layi biyu. Mahaifiyata ta riƙe hannun Mina, ni kuwa ta ture ni ɗaya layin, wajen masu ƙarfin aiki. Na juya ina hararar Mina, ina cewa a raina, kullum ita ce 'yar lele. Wannan hararar ce sallamarmu. Layinsu ba wanda ya kai yamma da rai. Na yi kishin wadda aka riƙe, ban san ni aka tura wa rayuwa ba."

Da na kai nan, Liman ya sunkuyar da kai, Magaji ya goge ido da bakin rawani. Daɗi ya cika ni, na ce yau Junaidu ya zo ya tarar an share akushi. Sai bakina ya yi abin da ya saba, na tafa hannu na ce, "Ƙurunƙus!"

Sarkin Fawa ya sauke ajiyar zuciya. "Au, ashe tatsuniya ce! Tanimu, Allah ya shirye ka, har ka sa ni hawaye." Aka fashe da dariya, wasu suka karkaɗe riga suka fita.

Ashe Junaidu na tsaye bakin ƙofa. Bai daka mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya gaida Magaji, ya ce, "Ranka ya daɗe, ranar da na roƙi Perla izinin kai wa ɗalibaina muryarta, ta ce mini: 'Ɗana, ba ni da kabarin da zan nuna. Mahaifiyata da Mina ba su da shaidar sun taɓa zama a duniya sai bakina. Duk inda ka kai, ka faɗi sunayensu, ka faɗi wanda ya gaya maka.' Yanzu mutane sun fita daga nan da cewa ba a yi su ba."

Magaji ya gyara zama. Ya ce, "Na yarda, Dakta. Har ni na yi dariyar, kuma na ji kunya. Tanimu, tashi daga nan."

Na tashi. Junaidu ya zauna a wurin, tabarmar ma da ɗumina.

Magaji ya ci gaba, "Za ka bi duk wanda ya fita, gida gida, ka gaya masa labarin gaskiya ne. Kuma kafin ka buɗe baki, ka faɗi daga wa ka ji."

"Ranka ya daɗe, ko bulala ce a yi mini."

"Ba bulala."

Da gidan Sarkin Fawa na fara. Ya fito yana sakace haƙori, ya ce, "Wata tatsuniyar ce?"

Na ce, "A'a. Hinda da Mina an yi su. Perla ce ta gaya wa Junaidu."

"Wane Junaidun?"

"Dakta," na ce. "Dakta Junaidu. Ni a bayan zana na ji."