Hular Nomau

Ku gyara zama. Labarin ba shi da tsawo, amma ba mai tashi daga nan sai kun raba gardamar da ke ƙarshensa.

Akwai wani kogi mai gada ɗaya tal. Gabas da gadar garin Gangaren Baure ne, inda Kwalejin Horon Malamai take. Yamma da ita Tudun Marke, mai Kwalejin Aikin Gona. Makarantun ba wasu manya ba ne, ɗan birni in ya gan su dariya zai yi. Amma duk shekara bayan girbi sai sun kara a ƙwallon ƙafa, kuma ranar nan ko aure ba a ɗaurawa. Filin ba ya cin mutum dubu. Sauran jama'a, na tasha da na kasuwa da na teburin mai shayi, kunnensu yana jikin rediyo. Abin da mai sharhi ya faɗa, a wurinsu shi ne abin da ya faru.

Bara, mai sharhin lokacin ya kwarma ihu cewa alƙali ya sayar da wasa. Kafin a tashi, samarin garuruwan biyu sun cika gada da gorori. Nomau, mai tsaron ragar 'yan Malamai, ya baro fili da rigar wasa a jikinsa, ya shiga tsakani yana ɗaga hannu. Dutse ya same shi a ƙeya. Har yau ba a san daga wane gefe aka jefo shi ba.

Ƙanensa Ilu mai facin taya ne a gindin wannan gada. Tun daga ranar nan zama ya gagare shi. Sai ya tsoma tib a ruwa ya tsaya yana kallon kumfa, ya manta abin da yake nema. Sai ya hau gada ya sauko, ya sake hawa. Uwarsu Kande kuwa hula take ɗinka wa Nomau, wadda zai sa ranar da za a yaye su, ta kai rabi aka kawo mata gawarsa. Bayan sadakar arba'in ta ɗauko allurarta ta ci gaba. Ana gobe wasan bana ta gama, ta kira Ilu.

"Ga hular yayanka," in ji ta. Ɗan fari ne, ko da yana raye ba ta taɓa kama sunansa ba. "In aka tashi wasan gobe babu uwar da ta yi kuka, ka nemo wanda ya sa hakan ka ba shi. Kada ka dawo mini da ita."

Da la'asar ɗin washegari Ilu yana tsakiyar gada, hula a aljihu, ƙaramar rediyon Nomau a hannu. A bakin gadar ta kowane gefe 'yan acaɓa sun jeru, kowace ƙungiya da tata rediyon, ba mai kallon wani. Saura minti uku a tashi, 'yan Malamai na gaba da ci ɗaya. Kofi yana Tudun Marke, kuma dokar wasan ita ce in aka yi kunnen doki ya zauna inda yake. Sai wani ɗan Gona ya sheƙa ƙwallo daga nesa. Ta daki sandar sama, ta dira ƙasa, ta dawo hannun mai tsaron raga. Alƙali ya yi nuni a ci gaba. 'Yan Gona suka yi masa zobe, wasa ya tsaya cik. Ilu ya ji wayoyi suna ƙara a gefen yamma, wani yana cewa, "An yi mana fashi!" Babura suka fara tashi.

Mai sharhin bana Barau ne, tsohon ɗalibin Kwalejin Malamai, wanda suka kwana ɗaki ɗaya da Nomau shekara biyu. Yana tsaye kan wani benci daidai layin raga, yana magana ta waya zuwa gidan rediyo, 'yan garinsu sun kewaye shi. Wani ya ja masa ƙafar wando ya ce, "Barau, ka san dai inda kake kwana." Minti uku na shiru ya ishi makarantarsu ta ɗauki kofin da ta yi shekara huɗu tana nema. Barau ya ce, "Jama'ar gabas da jama'ar yamma, ƙwallon nan ta tsallake layi. Da idona na gani. Alƙali bai gani ba, an tare shi. Kowa ya zauna inda yake, ba zan ɓoye muku komai ba." Ya yi ta faɗa yana maimaitawa har aka ture bencin, ya ci gaba daga ƙasa, leɓensa yana jini.

A gidan rediyo, wadda ke riƙe da layin Barau wata ce Uwani, mai haɗa sauti, bazawara mai 'ya'ya uku. Manajan gidan, mutumin Gangaren Baure, ya faɗo ɗakin yana haki. "Yanke shi! Sa kiɗa!" Yatsanta yana kan maɓallin. Amma Uwani a Tudun Marke aka haife ta, ta san yadda mutanensu ke fassara kiɗan da aka sa a tsakiyar magana. Ta ce, "Yallaɓai, in na sa kiɗa yanzu, a kan gada za a taka shi." Manaja ya ce in ba ta yanke ba ta ɗauki jakarta. Ta ce to, bari a tashi wasa. Ta kifa tafin hannunta a kan maɓallin, ta ma ƙara sauti.

Na ukunsu Tukur, wanda ya gaji ragar Nomau. Shekara guda ana ce masa bai kai mamacin ba, yau ga shi ya tare duk abin da aka jefo, kofi saura ƙiris. Shi ya fi kowa sanin inda ƙwallon ta dira, don a bayan dugadugansa ta sauka, kuma ba wanda ya tambaye shi. Yana tsaye da ita a ƙirji sai ya ji muryar Barau tana fitowa daga rediyoyin 'yan kallo, nan da can, kamar filin ne yake magana. Kyaftin ɗinsu ya ce, "Kai, buga ta gaba mana!" Tukur ya ratsa taron, ya miƙa wa alƙali ƙwallon ya ce, "Yallaɓai, ta shiga." Alƙali ya dube shi, ya kira mai tuta suka gana, ya busa usur ya nuna tsakiyar fili.

A kan gada, baburan yamma sun riga sun taso har sun kusa inda Ilu yake, na gabas ma sun motsa. Ba shi da abin yi sai ɗaga rediyon sama. Maganar Barau ta sa na gaba ya taka birki. Wani dattijon ɗan acaɓa na yamma ya ce, "Ku dakata, ɗansu ne fa yake faɗin haka." Suka tsaya, injuna na ruri, kowa ya karkata kunne. Da labarin Tukur ya iso, na yamma suka ɓarke da sowa, na gabas suka yi ta zagi, amma nasu suke zagi, ba su da abin da za su tsallaka su nema. Aka tashi ɗaya da ɗaya. Rana ta faɗa kogi, ba a jefa dutse ko ɗaya ba.

To, yanzu sati uku ke nan hular tana aljihun Ilu.

Ya je ƙofar gidan Barau, ya tarar an watsa wa bangon baƙin mai, Barau ba ya iya shiga tashar garinsu. Ya ce a ransa, da wannan bai buɗe baki ba, me Uwani za ta tsare, me Tukur zai ji? Har ya sa hannu a aljihu, sai ya tuna cewa magana a cikin wayar da aka yanke ba ta kai ko'ina. Ya tsallaka yamma, ya sami Uwani tana suyar ƙosai a bakin hanya, aikin rediyo ya tafi. Ya tsaya daga nesa, sai wani tunanin ya zo masa: da Tukur ya buga ƙwallon gaba, gaskiyar da aka watsa ita za ta zama fetur, a ce ga shi har rediyonsu ta shaida an cuce mu. Ya koma gabas, ya hango Tukur a bayan ɗakin cin abinci yana ci shi kaɗai, an cire shi daga ƙungiya. Amma shi ma ai sai da ya ji muryar Barau ta layin Uwani ƙafarsa ta ɗaga.

Kullum ya shiga gida sai Kande ta dubi aljihunsa.

"Ba ka kai ba?"

"Inna, su uku ne. Ɗaya ma mace ce, ita kuwa wannan hula ce."

"Ni da na ɗinka ta, namiji ce ni?"

"To a ɗinka wasu biyu mana."

Ta dubi hannuwanta. "Yayanka ɗaya ne," in ji ta.

Ilu ya fita. Yana can yanzu a kan gada, ya je gabas ya dawo, ya je yamma ya dawo, zaren hular har ya fara dusashewa saboda shafa.

To, ku da kuka ji: Barau da ya faɗa, Uwani da ta ƙi yankewa, Tukur da ya miƙa ƙwallo, wane ne a cikinsu Ilu zai bai wa hular Nomau?